Dawakin Teku a Gidan Injiniya

Tun da Injiniya ya yi ritaya daga ma'aikatar ruwa, Malama ba ta sake dafa shinkafa ita kaɗai ba. Da ta ɗora tukunya sai ta ji numfashinsa a bayan wuyanta. Mutumin da ya shekara talatin da ɗoriya bai san inda ake rataye ludayi ba, yanzu shi ne ke ɗaga murfi ya leƙa, ya girgiza kai kamar ya kama ɗan kwangila yana rage siminti.

"Ruwan nan ya yi yawa."

"Injiniya, je ka zauna."

"Ba faɗa ba ne, gyara ne. Kin san abin da ke tafiya a tururi kuwa? Asara ce tsagwaronta."

Ita ma ritayar ta yi. Ta koyar da kimiyya a sakandare har furfura ta cinye kanta, ta ga yara iri-iri, masu ƙwaƙwalwa da waɗanda aka ba su kai don ɗora hula kawai. Abin da ta tanadar wa tsufanta ba shi da yawa: kicin ɗinta, da 'yar kujera a gefen taga, da shiru. A nan take tunani. A nan take gardama da masu sharhi a rediyo ba tare da wani ya ce mata ta yi haƙuri ba. To yanzu gwangwanayen kayan ƙamshinta an jera su bisa tsawo, dogo a hagu gajere a dama, don haka gishiri ya zama maƙwabcin garin sabulu. Famfon wanke-wanke kuwa an kwance shi an sake ɗaurawa. Da ba ya yoyo. Bayan gyaran ne ya koya.

Ta kai ƙara wurin Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ke aure a wani gari mai nisa kuma take da maganin kowace matsala muddin ta waya ce.

"Haba Mama, ai wannan ne lokacinku. Mun watse mun bar muku gida, ku more juna."

Malama ta dubi wayar kamar ta ga ƙuda a madara. Wanda ya fara yaɗa cewa tsufa na ƙara wa ma'aurata kusanci, ko dai bai yi aure ba ko bai tsufa ba. Aurensu ofis ne ya riƙe shi. Injiniya ya fita da safe, ya dawo da yamma a gajiye, ta ba shi abinci, ya ba ta labarin wautar abokan aikinsa, kowa ya kwanta da mutuncinsa. Gwamnati ta yi mata rainonsa tsawon shekaru, rana ɗaya ta dawo mata da shi ba ko sanarwa.

"To ki nema masa abin yi," in ji Auta. "Kifi. Likitoci sun ce kallon kifi na saukar da hawan jini."

"Na wa? Nasa ko nawa?"

Duk da haka ta ja shi suka tafi. Shagon kifin na cikin wani lungu tsakanin mai faci da tela, ciki duhu-duhu, shuɗiyar fitila a kan kowane akwatin gilashi, ƙasa a jiƙe. Injiniya bai kalli kifi ko ɗaya ba. Bututu yake bi, yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, yana tsaki. A can ƙurya ne ya ci birki gaban wani dogon akwati.

Malama ta matso ta gyara tabarau. Wai kifi ne, amma a tsaye yake kamar mai jiran mota. Kan doki, tumbin attajiri, wutsiyar biri naɗe da wani reshe. Ɗan fiffike guda a gadon baya yana ta kaɗawa ba ya kai shi ko'ina. Halitta ce da za ka rantse da ragowar kayan wasu aka haɗa ta, ana sauri.

"Dawakin teku ke nan," in ji mai shagon, wata mata mai naɗaɗɗen hannun riga. "Amma Baba, waɗannan ba na ɗan koyo ba ne. Fara da jajayen can, ba sa mutuwa da wuri."

"Ɗan koyo?"

Malama ta ga jijiyar goshinsa ta miƙe.

"'Yata, ruwan da kika sha kika girma, ta hannuna ya bi."

Malama ta tuna bokitan da ta yi ta jerawa a tsakar gida, da famfon unguwarsu da ya fi ƙwarewa a busa iska. Karon farko tun da ya yi ritaya ta ga girman kansa zai yi mata amfani.

Mai shagon ta zayyano abin da ake bukata. Akwati mai tsawo, don su hawa da sauka suke yi, ba zirga-zirga ba. Gishiri na musamman da ake damawa, ba na miya ba. Duwatsu masu ramuka, a zuba ruwa a kunna matatar ruwa a bar akwatin haka nan babu kifi har makonni, sai ƙwayoyin halitta masu cinye ƙazanta sun zauna a jikin dutsen. Ruwan kada ya yi ɗumi. A sa musu abin kamawa da wutsiya. A ciyar da su sau da yawa a yini, domin ba su da tumbin ajiye abinci, abin da ya shiga wucewa yake yi. Uwa-uba, ruwan ya riƙa tafiya a hankali, don babu kifin da ya kai su rashin iya iyo.

"Kuma Mama, ke za su burge," ta juyo da murmushin 'yan kasuwa. "Amana gare su. Namiji da matarsa ɗaya, har mutuwa."

"A cikin akwati, su biyu rak? Da wa kike so ya ci amanar tata, da ma'aunin zafi?"

Injiniya ya ji kashi ɗaya cikin uku na bayanin, ya gyaɗa kai ga sauran. Da suka fito bai nufi gida ba, sai da ya biya shagon masu kayan famfo ya zaɓo injin tura ruwa wanda zai iya hawar da ruwa bene, har da agogon auna ƙarfi a kansa.

Makonnin da suka biyo baya Malama ba za ta manta da daɗinsu ba. Falo ya koma wurin aiki. An janye doguwar kujera, an kafa teburin ƙarfe, an ɗora masa ma'aunin lebur, an cusa takarda ƙarƙashin ƙafa ɗaya, an cire, an sake cusawa. Injiniya na durƙushe daga safe har yamma, fensir a kunne, yana yanka bututu yana shafa gam, yana dama gishiri a durom yana aunawa. Zaman jiran da mai shagon ta ce a yi, da Malama ta ɗauka ba zai iya ba, sai ya raɗa masa suna gwajin ƙarfin ruwa, ya jawo kujera ya zauna gaban akwatin da babu komai a ciki sai duwatsu, yana kallon allurar agogo da fuskar wanda ke tsaron ƙasa. Ita kuwa ta mayar da gishirinta kusa da murhu. Ta dafa shinkafa da ruwan da ta ga dama. Wata rana ma da gangan ta bar tukunya a buɗe, ta zauna tana kallon tururin yana tashi yana tafiya a banza.

Sai aka kawo dawakin, guda biyu a leda: namiji rawaya, mace baƙa-baƙa. Injiniya ya sa riga mai aljihu, ya sake su a hankali kamar yadda aka ce, sannan ya murɗa injinsa.

Ruwan ya ɗebe su kamar tsumma. Rawayan ya yi sama, ya bugi gilashi, ya dawo ƙasa da kai. Baƙar ta zagaya akwatin tana lalube da wutsiya har ta dace da ma'aunin zafi, ta naɗe shi, jikinta ya miƙe yana kaɗawa kamar wanki a igiya. Rassan robar da mai shagon ta haɗo musu da su suna cikin kwali, domin Injiniya ya ce suna tare hanyar ruwa.

"Kin gani? Motsa jiki! A shagon can kasala ce ta kama su."

"Injin nan ya yi ƙarfi."

"Malama, ke a allo kika koyar da ruwa. Ni na tura shi ya hau tudu. Ruwa in ya tsaya cuta yake haifarwa, wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani."

"Ɗan aji ɗaya bai ce ka wanke su kamar kayan sawa ba."

"Za su saba."

Da lokacin abinci ya yi ya narkar da ƙananan jatan landen da ake ajiyewa a firiza, ya zuba. Abincin ya wuce ta gaban hancinsu a guje. Dokin teku kafin ya ci abu sai ya ƙura masa ido, ya karkata kai, ya matso, ya sake tunani. Kafin rawayan ya gama shawara, matata ta shanye komai. Injiniya ya duba, bai ga saura ba, ya ce sun cinye tas.

Ba a jima ba cikinsu ya fara lotsawa. Malama ta tsaya gaban akwatin ta yi lissafinta. Ba tausayi ba ne, kada ma a yi mata wannan zaton. Dabbar da ba ta iya gudu, ba ta iya faɗa, ba ta iya cin abincin da aka kai mata har baki, Malama ba ta ga dalilin da duniya za ta yi rashinta ba. Amma ranar da waɗannan biyun suka juya ciki sama, a ranar Injiniya zai wanke hannu ya dawo ya ɗaga mata murfin tukunya. Ransu shi ne ƙofar kicin ɗinta.

Allah ya taimake ta Injiniya ba ya wasa da barcin rana. Da ya ci abinci ya miƙe a ɗaki, ko gini ake rushewa ba zai farka ba. A wannan tsakanin ta karanta abin da ya kamata a waya, ta tsallake surutan masu cewa dokin teku na koya wa ɗan Adam soyayya, ta ɗauki abin da ke da amfani. Ta yanki soso sabo, ta naɗe hannun riga, ta cusa shi a bakin bututun da ke feso ruwa, can bayan duwatsu inda ido ba ya kaiwa. Ruwan ya lafa. Dawakin suka sauko suna tangaɗi kamar waɗanda suka sauka daga doguwar tafiya a motar haya.

Ta ɗauka zai gane. Da ya tashi ya wuce kai tsaye wurin agogon injin, bai ko dubi ruwan ba. Toshewar da ta yi ta sa allurar ta ƙara hawa.

"Kin ga aiki? Ƙarfi ma ƙaruwa yake yi."

Sai a lokacin ta fahimci yadda aka yi garin nan ya yi shekara da shekaru cikin ƙishirwa alhali rahoton ofis na cewa lafiya lau. Mutane na ihu babu ruwa, shi yana kallon allura.

Rassan robar kuwa da sunan ado ta shigar da su. Ta ce Auta ta ga hoton akwatin ta ce ya yi fayau kamar ɗakin gwauro. Ya yarda, da sharaɗin a jera su bisa tsawo.

Ciyarwa ce aikin. Kullum in ya kwanta sai ta kashe injin, ta narkar da jatan lande a kofi, ta tsotso da doguwar robar ɗiga magani irin wadda ta saba riƙewa a ɗakin gwaje-gwaje, ta sauke su ɗaya-ɗaya cikin ɗan faranti a ƙasan akwatin. Sannan ta tsaya. Rawayan zai sauko, ya naɗe bakin farantin, ya kafa wa ɗan jatan lande guda ido kamar kwamitin da aka ba bincike. Ƙafarta ta yi tsami, bayanta ya riƙe. Can sai ta ji ƙat, ya zuƙe. Saura goma sha wani abu.

"Ci mana, ɗan sarauta," takan ce. "Ko sai an kawo maka a rubuce?"

In ya fita miƙe ƙafa da yamma ta sake wani zagayen. Ta tsotse kashinsu da siririn bututu, ta rage ruwa ta ƙara sabo. Shi kuma safe da yamma yana watsa nasa abincin daga sama, matatar ruwan na godiya.

Suka yi ƙiba. Launinsu ya fito. Da safe sukan haɗa wutsiya su zagaya reshe tare, suna hawa suna sauka, jikinsu na sauya kala. Injiniya ya kira ta da murya ƙasa-ƙasa ta zo ta ga ikon Allah.

"Gaisuwa suke yi. Kullum sai sun gaisa."

"Duba juna suke, ko wani ya mutu a samu fili."

Amma a ranta ta gamsu. Ta sayi zaman lafiyarta da ciwon baya, kuma cinikin bai yi mata tsada ba. Abin da ta manta, ita da ta zauna da injiniyan gwamnati tsawon rayuwarta, shi ne yadda suke gama aiki.

"Ranar Asabar za a ƙaddamar," ya ce mata yana shan shayi.

"A ƙaddamar da me?"

"Aikin mana. Ya tsaya da ƙafarsa. Na gayyato mutanenmu."

Suka zo, tsofaffin ma'aikatar ruwa, kowa da sandarsa da maganinsa a aljihu, suka cika falo da tari da labarin wanda ya mutu. An ɗaura wa akwatin jan ƙyalle, an ajiye almakashin ɗinkin Malama a faranti. Daga ƙarshe Darakta ya iso, a makare kamar yadda ya saba, don a tashi a gaishe shi. Tare suka fara aiki da Injiniya, teburinsu ɗaya, amma da kujerar sama ta faɗo shi aka ba. Tun daga lokacin suke zumunci irin na mutanen da kowa ke jiran jana'izar ɗan uwansa.

Injiniya ya yi jawabi. Ya faɗi ƙalubalen da aka fuskanta, da masu cewa ba za a iya ba, da wata 'yar shago da ta kira shi ɗan koyo. Aka yi dariya. Ya bayyana cewa sirrin duka ƙarfin ruwa ne, ya nuna allura, tsofaffi suka miƙa wuya suka gyaɗa kai. Babu wanda ya kalli dawakin sai wani mai kunne ɗaya da ya tambaya ko ana ci. Darakta ya yanke ƙyalle, aka tafa, aka ɗauki hoto.

"To, aikin injiniya ya ƙare a nan," in ji Injiniya. "Kamar yadda tsari ya tanada, kulawa ta yau da kullum na miƙa ta ga mai amfana da aikin." Ya nuna Malama da ke tsaye da tiren shayi. "Ba wuya, watsa abinci ne kawai. Ni kuma zan fuskanci aiki na gaba. Jama'a, in kun ga yadda aka ja bututun kicin ɗin gidan nan sai kun yi kuka. Daga tushe zan faro."

Aka sake tafawa.

Malama ta ji tiren ya yi mata nauyi. Haka suke. Su gina, su yanke ƙyalle, su yi hoto, su juya baya, abin ya lalace a hannun wanda bai roƙa ba. Ta raya masa dabbobinsa da kyau har ya gaji da su. Ga akwati an jibga mata, ga shi kuma zai dawo mata kicin, wannan karon da guduma.

Ta ajiye tiren gaban Darakta. Ta zuba masa shayi da kanta, ta sa sukarin da likita ya hana shi, ta yi murya irin ta matar da ba ta san komai ba.

"Darakta, kai da ka zaga duniya, don Allah raba ni da duhu. Wai gaskiya ne ajiye su kowa ma na iyawa, sa su haihu a raya 'ya'yan ne sai gwani?"

Darakta bai taɓa ganin dokin teku ba sai yau. Amma bai taɓa barin rashin sani ya hana shi magana ba, balle an miƙo masa sanda a kan Injiniya.

"Ƙwarai kuwa, Malama. Ai abin da nake ta so in faɗa ke nan, na ga ana murna ne na yi shiru." Ya kurɓi shayi. "Wannan tanki ne aka gina ba a ja bututu ba. Ado ne. Inda na je na gani, sai an hayayyafa ake kiran mutane."

Kunnen Injiniya ya yi ja.

"Wa ya ce an gama? Kashi na ɗaya na ce."

"Ban ji ka ce kashi na ɗaya ba."

"Kunnenka ne. Tun muna ofis haka kake."

"Na ji an ce namijin ne ma ke ɗaukar cikin," wani ya jefo daga gefe.

"To ai shi ke nan, Injiniya ya samu ɗan uwa," in ji Darakta yana nuna tumbin Injiniya. "Wata nawa ne naka?"

Tsofaffi suka fashe da dariya har da masu share hawaye. Injiniya bai yi ba. Ya ce a ba shi lokaci kaɗan, zai kira su su zo su ƙirga 'ya'yan da idonsu, wanda ya ga dama ya zo da tabarau biyu. Malama ta kwashe kofuna ta shige kicin, ta rufe ƙofa, ta jingina da ita tana murmushi. Maza. Ka nuna musu wani namijin kawai, sauran aikin su za su yi maka.

Kuma abin ya zo daidai, domin kiwon da ta yi musu bai tafi a banza ba. Jakar da ke gaban rawayan, inda namiji ke ɗaukar cikin, ta fara kumbura, ya koma gefe ya maƙale a reshe yana numfashi da ƙyar, da fuskar mai neman a tausaya masa. Injiniya ya koma shagon da ƙafarsa. Wannan karon, da yake Darakta ne a gabansa ba kifi ba, ya saurara har ƙarshe. Ya dawo da kwalaye niƙi-niƙi da bayani a baki.

'Ya'yan, in ji shi, za su fito da yawa, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ba za su zauna da iyayen ba, sai an kwashe su zuwa ƙananan akwatuna. Ba sa cin mataccen abinci. Sai an ƙyanƙyashe musu wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin ruwan gishiri, sabbi kullum, a cikin kwalabe da aka kifa, ana hura musu iska ana haska musu fitila. Ruwan ƙananan akwatunan kuma kullum sai an rage an ƙara.

"Aiki ne ja," ya ce, idonsa na ƙyalli. "Ba dare ba rana."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Malama, har zuciyarta.

"Saura zaɓen wuri."

Ya ɗauki tef ɗin awo. Tana zaune kan 'yar kujerarta a gefen taga tana tsince wake, tana jin takunsa. Ya zaga falo, ta ji yana cewa babu magudana. Ya shiga banɗaki, ya fito yana cewa sabulu da tururi za su kashe su. Ɗakin ajiya babu wutar lantarki. Tsohon ɗakin Auta ya yi nisa da famfo, kuma rana na dukansa. Tana ji yana lissafa wa kansa abin da ake nema: famfo, magudana, tebur daidai ƙugu, wurin sa wuta da yawa, firij a kusa.

Hannunta ya tsaya a cikin waken.

Takun ya taho ta baranda, ya tsaya. Ta ɗaga kai. Yana bakin ƙofa, ba ita yake kallo ba, dogon teburin da take yanke-yanke a kai yake kallo, da irin kallon da bai yi mata ba ko ranar aurensu.

"Malama, ɗan matsa in auna."

"Injiniya, nan kicin ne."

"Na wucin gadi ne. Har su yi ƙwari."

"Su yi ƙwari yaushe?"

"Watanni kaɗan. Sai dai an ce da namijin ya sauke yake sake ɗauka, to kin ga sai a riƙa yi rukuni-rukuni." Ya ja tef. "Riƙe min nan."

Me za ta ce? Ta ce a fasa, ya tuna da gudumarsa? Ta ce ita ta kunna Darakta? Ta koyar da yara shekaru cewa kafin ka haɗa abu biyu a kwalba ka tambayi kanka me zai fito, ga shi ita ta haɗa tsofaffi biyu ba ta tambaya ba. Ta riƙe masa bakin tef ɗin.

Rawayan ya sauke da safe, yana murɗawa yana feso su kamar ƙura. Kafin azahar kicin ya canza kama. Kwalabe a kife sun jeru a jikin bango suna ɓulɓula, fitilu a kansu, siraran bututu sun bi ta kan tebur sun sauka wurin wanke-wanke. Tukwane na cikin kwali a baranda. An tura murhu lungu, an ɗora masa bokitin gishiri a rabi. A cikin ƙananan akwatunan wasu ɗige-ɗige na yawo, kowanne da kan dokinsa da wutsiyarsa, wauta cikakkiya tun daga haihuwa.

Malama ta raɓa ta gefe, ta sauke bokitin, ta kunna wuta. Ta zuba mai a kasko. Ta yanka albasa a tafin hannu, tunda babu inda za ta ɗora katako.

"Kashe! Kashe!" Injiniya ya taso da gudu, ya murɗe murhun da kansa. "Suya a nan? Hayaƙin mai sauka yake a kan ruwa ya yi masa yana. So kike ki shaƙe su?"

"To me za mu ci?"

"Na sa miki ƙaramin murhun lantarki a baranda. Akwai iska ma, ya fi lafiya. Ruwa kuma ki riƙa ɗiba a banɗaki, wannan famfon kada a kawo masa sabulu kusa."

Ta fita da kaskon a hannu, albasa na iyo a mai mai sanyi. Barandar siririya ce, murhun na ƙasa kusa da takalma, sai ta tsuguna. Daga ciki tana jin ɓulɓular kwalabe, da muryarsa yana 'yar waƙa, abin da ba ta ji ya yi ba tun yana zuwa ofis.

Ya leƙo da kai, fensir a kunne.

"Malama, in kin gama ki duba na falon. Tun safe iyayen ba su ci komai ba, kuma kin san yanzu a hannunki suke."